Kogin Kaduna da Wuraren Shan Iska: Na Kusa da Mazaunin Unguwar Sarki da Waɗanda Suka Yi Masa Nisa

Tsakure

Wannan takarda ta dubi wuraren shaƙatawa da abubuwan halitta da ake yawan ambata idan aka zo maganar yawon buɗe ido a Jihar Kaduna, ta kuma auna su da ma'auni guda: shin magidancin da ke zaune a Unguwar Sarki zai iya kwasar iyalinsa ya kai su, ya dawo da su lafiya, ba tare da ya ci bashi ba? Takardar ta nuna cewa filayen da birnin ya gada daga Turawa ba don jama'a aka bar su ba tun farko, kogin da ya ratsa garin an juya masa baya, manyan wuraren da ke nesa kuwa rashin tsaro da tsadar hanya sun shiga tsakaninsu da talaka. Matsayinta shi ne a fara gyara daga gaɓar kogi, kuma ɗan gari a sa a gaba kafin baƙo.

1.0 Gabatarwa



Duk takardar tallar yawon buɗe ido da aka buga a kan Jihar Kaduna, sunayen da ke ciki ba sa canzawa: Kamuku, Matsirga, Kagoro, Kajuru, Nok, Kufena. Ba ƙarya aka yi ba, wuraren suna nan kuma sun cancanci a gan su. Sai dai wanda ake yi wa tallar kullum baƙo ne mai fasfo da kyamara, wanda zai sauka a otal ya kashe dala. Shi kuwa baƙon nan shekara da shekaru ana jiransa. A halin da ake jiran nasa, akwai dubban yara a cikin garin Kaduna da suka girma ba su taɓa tsayawa a bakin kogin garinsu ba, sai dai su hango shi ta tagar mota a kan gada.

Na zaɓi in tsaya a Unguwar Sarki in duba daga nan, saboda babu unguwar da ta fi ta kusa da abubuwan da birnin ke alfahari da su. A nan Masallacin Sultan Bello yake, wanda aka gina a 1962, inda marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ya yi shekaru yana tafsiri. A kan Titin Ali Akilu ga gidan adana kayan tarihi na ƙasa, wanda aka buɗe a 1975 a tsohuwar hedikwatar jam'iyyar NPC. Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, yana Titin Rabah. Zauren Lugard da Dandalin Murtala duk tafiyar 'yan mintoci ce a Keke Napep. Idan har mazaunin wannan unguwa yana rasa inda zai kai 'ya'yansa su sha iska, to na Rigasa ko Hayin Banki ba a ma maganarsa. Abin da zan faɗa ya dogara ne ga tarihin garin da ke rubuce da kuma abin da ido ke gani.

2.0 Filayen da Turawa Suka Bari

A 1917 ne gwamnatin mulkin mallaka ta kammala ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna. Abu biyu suka ja hankalin Gwamna Lugard: ruwan kogi da ba ya ƙafewa, da kuma layin dogo da ya tsallaka kogin a nan. A wannan shekarar ce kuma aka kafa dokar tsara garuruwa wadda ta ce a bar tazarar yadi 440, wato kimanin mita 400, babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. Hujjar da aka bayar ita ce sauro da zazzaɓi. Kowa ya san sauro ba ya auna yadi, amma haka aka rubuta.

Irin wannan tunani ne ya haifar da manyan filayen da ke arewacin kogi: filin sukuwa, filin folo, filin golf, da manyan gidaje masu faɗin harabar da aka dasa wa maɗaci da mangwaro da turare. Wannan shi ya sa har gobe wanda ya fito daga cunkoson Tudun Wada ya shigo wajejen Titin Sultan ko Titin Rabah zai ji iska ta canza a jikinsa. Inuwa a Kaduna gado ce, kuma ba a raba gadon daidai ba. Filayen an bar su ne don su tsare tsakanin mutane, ba don su tara su ba. Bayan samun 'yancin kai sai manyan ma'aikata da hafsoshin soja suka maye gurbin Turawa a kulob-kulob ɗin, ƙa'idar shiga ta ci gaba da zama katin ɗan ƙungiya.

A 1967 kamfanin Max Lock ya miƙa wa gwamnatin Jihar Arewa tsarin birnin na shekara 50, daga 1967 zuwa 2017, aka kuma sake bitarsa a 2010. Tsari kam ba a rasa ba. Abin da ya faru shi ne garin ya riga takarda gudu, kuma tun da dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, duk filin da ba a gina ba ya zama abin da idon masu neman fuloti ke kai. Ba a cika soke wurin shaƙatawa da sanarwa ba. Yau a yanki kusurwa a ba mai gidan mai, gobe a yanki wata a yi shaguna, jibi a nemi filin a rasa.

3.0 Kogin da Aka Juya wa Baya

Babban abin halitta da Allah ya ba wannan birni shi ne Kogin Kaduna. Ya taso daga tsaunukan Jos, ya yi tafiyar kimanin kilomita 550 kafin ya faɗa Kwara a ƙasar Nufe. A kansa aka gina madatsar Shiroro da ta Zungeru masu ba ƙasa wutar lantarki. Amma a cikin garin da ya ci sunansa, da wuya ka sami gidan da ƙofarsa ke kallon ruwa. Bayan gidaje ne ke kallonsa, da magudanai, da bola.

Ga wanda ya daure ya gangara, akwai abin gani. A watan Maris ruwa ya janye, baƙaƙen duwatsu sun fito fili, masu wanki sun shanya zannuwa da barguna a kansu. Can tsakiya masu haƙar yashi sun tsayar da kwalekwale. Mutum ya nutse da bokiti, ya taso ya juye, ya sake nutsewa, har sai jirgin ya kusa shan ruwa sannan a tuƙo shi gaɓa inda tifa ke jira. A gefe 'yan lambu sun kunna injin ban-ruwa, ga alayyafo ga latas ga kabeji, balbelu na bin kwarin kunya. A watan Agusta kuwa ka koma wurin ba za ka gane shi ba: ruwa ya yi jajir, ya haɗiye duwatsun da lambunan, yana tafe da itatuwa da robobi. Kogi biyu ne a shekara guda, kuma ɗalibin labarin ƙasa zai koyi abin da ya fi na allo idan aka kai shi sau biyu ya gani.

Wurin da gwamnati ta keɓe wa jama'a a wannan gaɓa shi ne lambun Janar Hassan Usman Katsina, wanda kowa ya fi sani da Gamji ko Ƙofar Gamji. An sa masa sunan gwamnan soja na Jihar Arewa daga 1966 zuwa 1967, ɗan Sarkin Katsina Usman Nagogo. Yana da manyan itatuwa masu inuwa, da wurin wasan yara, da ɗan wurin ajiye namun daji, kuma ga kogi a gabansa. A cikinsa ne gadar ƙafa ta Lugard take: 'yar gada ce ta ƙarfe mai daɓen katako, tsawonta bai kai mita 15 ba, an fara kafa ta a Zungeru a 1904, daga baya aka kwance ta aka kawo Kaduna, a 1956 kuma aka sa ta cikin kayan tarihin ƙasa. Yara na hawa suna sauka a kanta ana ɗaukarsu hoto, kuma mafi yawansu ba su san ta girmi garin nasu ba, domin babu mai gaya musu.

Wanda yake son ya san ko mutanen Kaduna na buƙatar wurin shan iska, ya je Gamji washegarin Sallah. Layi tun daga titi, yara da sababbin kaya da tabarau na roba, 'yan mata da lalle, mai zoɓo da ƙanƙara ya kasa numfashi don ciniki, mai lilo na karɓar kuɗi da hannu biyu. Ya sake komawa washegarin Kirsimeti, zai tarar da irin wannan cikar. Kasuwar yawon buɗe ido da ake nema a Turai ga ta nan a ƙofar gida. Matsalar ita ce kwana huɗu ko biyar take ci a shekara, sauran kwanakin wurin ya koma na masu bikin aure da 'yan tsirarun masu neman inda za su zauna.

A nan ne nake ganin maganar ta wuce ta shaƙatawa. Tun bayan rikicin addini na 2000 da na 2002, mazauna Kaduna suka yi ƙaura a cikin garinsu: Musulmi suka fi tattaruwa a arewacin kogi, Kirista a kudanci. Kogin ya zama iyaka. An haifi yara a Unguwar Sarki da Kawo waɗanda ba su da aboki ko ɗaya a Sabon Tasha ko Narayi, haka ma can. Makarantunsu daban, kasuwanninsu sun fara zama daban. An gina sababbin gadoji, an kuma gode, amma gada mota take tsallakarwa, ba ta zaunar da mutane wuri guda. Gaɓar kogi ce kaɗai filin da ɓangarorin biyu ke da hakki iri ɗaya a kansa, babu mai ce wa wani ka shigo unguwarmu. A ganina duk kuɗin da ake kashewa a tarukan zaman lafiya na otal, da an karkatar da wani kaso zuwa wurin da yaran ɓangarorin biyu za su hau lilo ɗaya, da an fi ganin amfaninsa.

Akwai kuma hujja ta biyu, wadda injiniyoyi za su fi ni iya bayani. Ambaliyar 2003 da ta 2012 sun nuna inda kogin ke ɗauka nasa ne, kuma kusan kowace damina sai an ji kukan mutanen Titin Kigo da sassan Unguwar Rimi da Rafin Guza. Filin da ruwa ke hawa duk bayan 'yan shekaru bai dace da ɗakin kwana ba, amma ya dace da ciyawa da itatuwa da filin ƙwallo. Ruwa ya hau ya sauka, a share a ci gaba. Mayar da gaɓar kogi wurin shan iska shi ne hanya mafi arha ta hana a sake gina gidaje a bakin ruwa.

Ba mu ne farkon masu irin wannan matsala ba. Lambun Al-Azhar na birnin Alƙahira, mai faɗin hekta 30, a kan tsibin sharar ɗaruruwan shekaru aka yi shi. Gidauniyar Aga Khan ta ɗauki nauyinsa aka buɗe a 2005, kuma aikin ya haɗa da gyara tsohuwar unguwar talakawa da ke maƙwabtaka da shi. Mu ba sharar ƙarni biyar za mu fara kwashewa ba. Ruwa da itatuwa suna nan, hanya da tsabta da tsaro ne babu.

4.0 Dandalin Murtala

Tsohon filin sukuwa ne, a nan aka yi babban hawan daba na bikin al'adun baƙar fata na FESTAC a 1977. An sabunta shi a ƙarƙashin shirin sabunta birni da aka ƙaddamar a 2019, aka buɗe a farkon 2022. Da asuba da kuma bayan la'asar za ka ga masu gudu da masu tattaki, har da dattawan da likita ya ce su rage tumbi, da matan aure cikin hijabi suna zagaye. Wannan ci gaba ne, domin a da mace mai son motsa jiki ba ta da inda za ta. Abin da zan ce kawai shi ne dandali filin wasa ne da taro, siminti ya fi ganye yawa, kuma da rana tsaka a watan Afrilu ba wurin zama ba ne. Bai maye gurbin lambu ba.

5.0 Waɗanda Suka Yi Nisa

Gandun dajin ƙasa na Kamuku, a ƙasar Birnin Gwari, yamma da Kaduna, shi ne abin da ya fi ciwo a wannan lissafi. En'e ce ta keɓe shi a 1936, a 1999 ya zama gandun dajin ƙasa a hannun gwamnatin tarayya, faɗinsa kuwa ya kai murabba'in kilomita 1,121. Daji ne na doka da maje da kaɗanya da ɗorawa, irin wanda ya rufe yawancin ƙasar Zazzau kafin gatari da garma su cinye shi. An san shi da giwaye masu kai da kawo tsakaninsa da dajin Kuyambana na Zamfara, da gwanki da kanki da mazo da gadu, da tsuntsaye iri-iri har da burtu. A cikinsa akwai magangarar ruwa ta Dogon Ruwa, da Goron Dutse, da Tsaunin Rema inda bika ke zama garke-garke.

Yau idan aka ce Kamuku, ba giwa ke zuwa zuciyar mutum ba. Ɓarayin shanu ne suka fara mayar da dajin maɓoya, har a 2015 gwamnonin jihohin da ke kewaye da shi suka haɗa kuɗi aka tura jami'an tsaro. Daga baya abin ya rikiɗe ya zama garkuwa da mutane, hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta zama sai da rakiya. A ƙarshen 2024 gwamnatin jiha ta yi sulhu da wasu daga cikin 'yan bindigar, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari. Muna fatan ya ɗore. Amma komawar ɗan kasuwa hanya daban, shugaban makaranta ya cika bas da 'ya'yan mutane ya nufi daji daban. Kuma dajin da ma'aikatan gandu suka daɗe ba sa iya sintiri a cikinsa, sai an sake ƙidaya dabbobinsa kafin a ci gaba da buga tsofaffin sunaye a takardar talla.

Ko dajin Afaka da ke bakin gari, wajen Mando da hanyar filin jirgin sama, bai tsira ba. Gine-gine da masu gawayi na cin sa ta gefe, kuma a nan ne aka sace ɗalibai 39 na kwalejin gandun daji a watan Maris na 2021.

Kudancin jihar ya fi ruwa da tsaunuka. Magangarar Matsirga kusa da Kafanchan ruwanta na faɗowa daga tsayin kimanin mita 30, kuma da damina tun daga nesa ake jin rugugi. Tsaunukan Kagoro na kallon garin Kagoro daga sama, a nan ake bikin Afan kowace ranar 1 ga Janairu. Ƙauyen Nok, inda masu haƙar kuza suka fara tono mutum-mutumin yumɓu a 1928, yana Ƙaramar Hukumar Jaba; mai son ganin irin waɗannan kayan ma ba sai ya je can ba, gidan tarihin Titin Ali Akilu na da su. Waɗannan duk tafiyar yini ce ko kwana, kuma da tsadar mai ta yanzu sun fi ƙarfin mai albashin wata. Ginin Kajuru, wanda wani Bajamushe ya yi a kan dutse a shekarun 1980, mallakar mutum ne, sai an nemi izini an biya, don haka ban sa shi cikin lissafin talaka ba.

Wanda ya fi sauƙi shi ne Dutsen Kufena a Zariya, kusa da Wusasa. Mota ɗaya ce daga tashar Kawo, a hau da safe a dawo da yamma. Daga samansa ana ganin birnin Zazzau da ragowar tsohuwar ganuwa, kuma ba a buƙatar komai sai takalmi mai kyau da gorar ruwa. Ina mamakin yadda makarantun Kaduna ba su mayar da shi wurin zuwa na kowace shekara ba.

6.0 Abin da Ya Kamata a Yi

Ba na cikin masu cewa a bar maganar Kamuku. Gandun ƙasa ne, kuma hakkin gwamnatin tarayya ne ta dawo da ma'aikatansa bakin aiki da kayan aiki. Amma wannan aiki ne mai tsawo, kuma ba ya hannunmu. Gaɓar kogi kuwa tana hannun jiha.

Matakin farko na doka ne: a auna iyakar da ruwa ya kai a manyan ambaliyoyin da aka yi, a shata ta a taswira, majalisar dokokin jiha ta haramta ba da fuloti a cikinta, a kuma buga taswirar kowa ya gani. Filin da jama'a ba su san nasu ba ne, ba za su yi magana ba ranar da aka yanka shi. Hukumar tsara birane ta KASUPDA da ta kula da filaye ta KADGIS suna da kayan aikin da za su yi wannan. Daga nan sai hanyar ƙafa mai fitila da inuwa a gaɓa biyu, a dasa itatuwan gida irin su maɗaci da tsamiya da ɗorawa, waɗanda ba sa neman ban-ruwa bayan sun kama. Kada a kori 'yan lambu da masu wanki da masunta. Su ne suka san kogin, su ne kuma idon da zai tsare wurin idan aka ba su rumfa da matsayi. Masu yashi a keɓe musu inda za su yi aiki nesa da ƙafar gadoji.

Sai maganar kuɗin ƙofa. Ba laifi ba ne ɗan kasuwa ya gudanar da lilo da gidan abinci ya ci riba, amma zama a ƙarƙashin itace a kalli ruwa bai kamata ya zama da tikiti ba. Magidanci mai 'ya'ya shida idan ya lissafa kuɗin Keke da na shiga da na ƙanƙara, sau ɗaya zai zo a shekara. A bar ƙofa a buɗe, ko a ware ranakun da yara 'yan makaranta za su shiga kyauta, sai cinikin cikin ya biya mai shara. A kuma tanadi bayan gida mai ruwa, da wurin alwala da salla, da ɓangaren da mata za su zauna da yara ba tare da samari sun dame su ba, domin rashin waɗannan ne ke hana iyalai da yawa fitowa, ba rashin sha'awa ba.

Roƙona na ƙarshe ga malaman makarantu ne, musamman na firamare da sakandaren Unguwar Sarki da kewaye. Ba sai kun jira kasafin kuɗin gwamnati ba. A zangon karatu mai zuwa ku nemi izinin iyaye, ku fara da gidan tarihin Titin Ali Akilu da safe, ku wuce Gamji da hantsi, ku tsayar da yaran a kan gadar Lugard ku gaya musu daga inda ta zo, sannan ku nuna musu kogin. Idan da hali, ku gayyaci wata makaranta daga Barnawa ko Kakuri ku haɗu a can rana ɗaya.